Kyankyaso Ba Ya Biyan Kuɗin Haya

Ranar da surukata ta fara cin abinci a ɗakina na Yawunde, ranar kyankyaso ya zaɓa ya tozarta ni. Hajiya ta taso tun daga Kano, ta kwana a Garwa, ta sake kwana a jirgin ƙasa daga Ngawundare, ta iso a gajiye liƙis. Na yi mata tuwon shinkafa da miyar taushe, na jera sababbin kuloli a kan leda. Ina ɗaga kular miya sai ga wani ɗan ƙaramin kyankyaso ya fito daga ƙarƙashinta, ya bi gefen faranti a tsanake kamar da shi aka dafa. Hajiya ta bi shi da ido har ya shige bayan kujera, sannan ta ce, “’Yar nan, bismillah, zuba mana.” Ba ta ƙara ko kalma ba. Wallahi da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

A daren nan na yanke hukunci, ba shaida ba alƙali: laifin maƙwabciyata ne.

Wanda bai san Briqueterie ba, unguwar da kowa ke kira Birik, bari in kwatanta masa. Nan ce unguwar Hausawa a Yawunde, ta samo sunanta daga wurin yin bulo da aka yi a can tun zamanin Turawa. Bakin titi ga masu tsire, ga teloli, ga shagunan atamfa da shadda, ga babban masallaci. Amma da ka kutsa lungu sai ka ga gida manne da gida, kwata tana bin ƙofar kowa tana gangarawa. Gidan hayarmu ɗaki tara ne, famfo ɗaya, bayi biyu. Bangon kicin ɗina shi ne bangon kicin ɗin Maman ’yan biyu, wata Babamuniya ’yar Fumban mai suyar fanke da dafa wake da safe. Kullum wajenta fulawa, sukari da mai. Na ce to ai magana ta ƙare, wa ke kiwon kyankyasai in ba ita ba? Na daina aika mata da tuwo. Gaisuwa ma sai a daƙile.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin hali shi ne ina ganin kaina gwana a sha’anin ƙwari, don na zauna da su a ƙasa huɗu. A gidanmu na Fagge, kyankyaso babba ne, ja, mai fukafukai, daga masai yake fitowa in zafi ya tsananta. Sauro kuwa da lokacinsa: damina ta kawo shi, hunturu ya rage shi. Inna takan turara ganyen darbejiya ko ɓawon lemo da magariba, a kunna igiyar sauro, a kwanta. Da aure ya kai ni Zangon Kwatano, na tarar da sauron da bai san rani ba. Gari ne a shafe tsakanin teku da tafki, ruwa ya kwanta ba shi da wurin gudu. Shekara uku na yi can, zazzaɓi ya zame mana kamar kuɗin haya, wata bai cika wucewa ba a biya ba.

Da na fara zuwa sari Gwanzu a Chaina, mukan haɗa kuɗi mu mata biyar mu kama ɗaki a wani dogon bene a Xiaobei. Hawa na goma sha, tayil ko’ina, ba kwata ba masai. Amma da ka kunna fitilar kicin cikin dare sai ka ga ƙananan kyankyasai suna watsewa kamar an zubar da gero. Can na fara sanin wannan iri: ɗan siriri, ruwan ƙasa, da layi biyu baƙaƙe a bayan kansa. Shi ba ruwansa da masai. Bayan firij yake so, da cikin tukunyar lantarki, da duk inda ke da ɗumi da laima. Sauron can ma daban yake, mai zanen fari da baƙi, da rana tsaka yake cizo, kuma zazzaɓin dengi yake kawowa. A 2014 cutar ta kwantar da dubban mutane a garin, har muka riƙa ganin ma’aikata suna bin lunguna da feshi suna kifar da duk abin da ya tara ruwa.

Da wannan “ilimi” nawa na aika Kano aka sako mini fiya-fiya a cikin kaya, a robar ruwan sha, ba suna ba takarda. Na ce maganin Yawunde wasa ne, bari a kawo na gida mai ƙarfi. Jifa ɗaya zan yi in huta da kyankyaso da sauro gaba ɗaya. Gidan sauron da aka ba mu a rabon gwamnati kuwa yana saman kwabet a cikin ledarsa, don maigida ya ce yana shaƙe shi.

Wata Alhamis ce cikin Oktoba na 2018, ana tsakiyar babbar damina. Hajiya ta koma, maigida yana Duwala wajen fito da kaya. Bayan magariba na rufe taga, na yayyafa fiya-fiya a kowane lungu, har ƙarƙashin gado da gefen katifa. Muka zauna tsakar gida kamar rabin awa. Sai ruwa ya kece. Na leƙa ɗaki na ji warin ya ɗan lafa, na kwashe yara muka shige, na ja ƙofa.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare tarin Auta ya tashe ni. Shekararta huɗu a lokacin. Na haska ta na ga ta jiƙe sharkaf da gumi, yawu yana dalala, ta yi amai a kan filo, ƙirjinta yana wani kurari. Na ɗaga ta, jikinta ya saki. Ban san na yi ihu ba sai da na ji ana dukan ƙofata.

Maman ’yan biyu ce. Tana shigowa ta toshe hanci ta ce, “Ta Kano, me kika zuba a ɗakin nan? Fito da yaran waje!” Na ruga na ɗauko manja zan ɗura wa yarinya, kamar yadda na ga ana yi a gida. Ta riƙe mini hannu. “Kar ki ba ta komai. Cire mata rigar nan, kawo ruwa da sabulu.” Ta wanke ta a bakin famfo, ta naɗe ta da zanenta, ta tashi ƙaninta mai tasi. Har mun fita ta ce in koma in ɗauko robar maganin, likita zai so ya gani.

A asibiti aka yi wa Auta allurai, aka sa mata iska, muka kwana biyu. Ma’aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta juya robar nan a hannunta ta ce irin wannan haɗin yawanci da gubar feshin gona ake yin sa, kuma ta fata ma yana shiga jiki, ba sai an sha ba. Ta ce da na ɗura manjan, da yarinya ta iya shaƙe shi ya gangara huhu, a rasa ta ba ma don gubar ba. Shekara guda bayan haka, a 2019, na ji hukumar NAFDAC a Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan guba a kasuwanni. Ni kam na riga na karanta tawa dokar a fuskar ’yata.

Da muka dawo gida, maigida ya iso da kaya. Muka fito da komai tsakar gida don a wanke ɗaki, har da kwalayen takalma da jakunkuna da nake jibgewa bayan labule kafin in kai shago. Maman ’yan biyu tana taya ni. Na yanke salatif ɗin wani kwali da ban taɓa buɗewa ba tun zuwansa, na ɗaga gindinsa. Ƙananan kyankyasai suka watse, masu layi biyu a ka, irin na Gwanzu sak. A cikin ramukan kwalin ga kashinsu kamar garin masoro, ga ɓawon ƙwansu. Kowace mace tana yawo da jakar ƙwai talatin zuwa arba’in a gindinta, kuma gam ɗin kwali ma abinci ne a wurinsu. Ashe ni ce na biya musu kuɗin jirgin ruwa, na biya kwastan, na sauke su a ɗakina.

Na ɗago muka haɗa ido. Ta yi dariya har da riƙe ciki ta ce, “Ta Kano, ashe baƙinki ne! Ni shekara shida ina gidan nan, manya kawai na sani. Waɗannan ƙananan bana suka fara shigo mini ta ramin fayif.” Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ce, “Maman ’yan biyu, ki yafe ni, na zarge ki a raina.” Ta ce ta sani, tun ranar da tuwo ya daina zuwa.

A ranar Lahadi muka tara matan gidan duka tara. Abin da muka gano shi ne kowa yana yaƙinsa shi kaɗai: wannan ta yi feshi yau, kyankyasai su yi hijira ɗakin waccan, bayan sati su dawo. Kyankyaso ba ya biyan haya, bai san inda ɗakin wani ya ƙare na wani ya fara ba. Muka yi yarjejeniya, kuma har yau a kanta muke. Kwali ba ya kwana a ɗaki. A tsakar gida ake buɗe kaya, a kaɗe su, a juye a buhu ko babbar roba mai murfi. Kwano ba ya kwana da datti, shara ba ta kwana a kicin, kuma a goge ruwa a gyara famfo mai ɗiga, don ƙishi ya fi yunwa saurin kashe kyankyaso. Muka haɗa kuɗi aka sayi siminti aka toshe duk tsagar bango da ramin fayif, aka yi wa masai murfi. Magani kuwa, hodar borik muke saya a farmasi, mu kwaɓa da fulawa da ɗan sukari, mu tura bayan firij da ƙarƙashin kwabet inda hannun yaro ba ya kaiwa, don ita ma ba abin haɗiya ba ce. Rana ɗaya muke sawa a duk ɗakunan, mu maimaita bayan sati uku saboda waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya.

Sauro ma sai da na sake koyonsa. Mai kukan nan a kunne, ɗan kwata, ya fi hana barci, amma ba shi ke kawo maleriya ba, wadda a nan ake ce wa palu. Mai kawo ta macen wani iri ce da ke zuwa cikin dare, in ta sauka a bango sai ta ɗaga gindi sama. Daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana bakwai zuwa goma ne in da ɗumi, kuma Yawunde damina biyu gare ta a shekara. Shi ya sa duk Asabar yaran gidan suke zagayawa su kifar da gwangwani, tsohuwar taya da fasasshen bokiti, a cike kududdufi da ƙasa, a rufe durom, maza su yashe kwatar ƙofar gida.

Gidan sauron nan na sauko da shi. Na shanya shi a inuwa kwana guda kafin mu fara shiga, kuma kullum sai na cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. In ya yi datti, sabulun wanki kawai, ba bilic, a shanya a inuwa. In ya huje, allura da zare. Maigida da ke cewa yana shaƙe shi, yanzu har da nasa na tafiya a jaka. Yaro kuwa in jikinsa ya yi zafi, gwaji tukuna kafin magani. Tun 2011 gwamnatin Kamaru ta sa maganin palu mara tsanani kyauta ga yara ’yan ƙasa da shekara biyar, kuma a Janairun 2024 aka fara allurar rigakafin maleriya ga jarirai a garin Soa, nan kusa da mu. Ma’aikatan lafiya da kansu suna cewa allurar ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba.

’Yar’uwa mai shirin tafiya sari, ko mai sabuwar haya a Kwatano, Libarbil ko Jidda: kafin ki tambayi kuɗin ɗaki, leƙa bayan kicin da dare, dubi inda ruwan gidan yake kwanciya, sannan ki san sunan matar da kuke bango ɗaya. Kada ki yarda da maganin da ba shi da takarda, ko daga garinku aka aiko shi.

Bara Hajiya ta sake zuwa. Na yi mata tuwon shinkafa, Maman ’yan biyu ta aiko da fanke mai zafi, Auta ce ta shigo da shi. Hajiya ta ɗaga kula ta leƙa ƙarƙashinta, ta dube ni ta yi murmushi ta ce, “Ina mutumin namu?” Na ce, “Hajiya, bizarsa ta ƙare.”

Allah ya tsare mana zuri’a, ya haɗa mu da maƙwabta nagari a duk inda neman halal ya kai mu.