Jan Ƙwaron Kabewa

Akwai wani ɗan ƙwaro ja-ja mai sheƙi, bai kai ƙwayar wake girma ba, wanda masu lambu suka san shi farin sani. Masana na kiran danginsa Aulacophora. Abincinsa kabewa ne da kankana da guna da duma, kuma ya fi yi musu illa sa'ad da tsiro ke da ganye biyun farko, domin idan aka cinye su shukar ba ta da abin da za ta tashi da shi.

Yadda yake cin ganye shi ke sa ni tsayawa kallo. Ba ya afka masa kai tsaye. Sai ya fara zana da'ira da bakinsa, ya tsinke hanyar ruwan nan mai danƙo da ganyen ke fitarwa, sannan ya ci abin da ke ciki a natse. Ɗacin da dangin duma ke korar dabbobi da shi kuwa, shi bai dame shi ba, har ma janyo shi yake yi. Ina ganin wayon nan ya cancanci yabo, ko da mai gona ba zai yarda da ni ba.

Rabin ɓarnar ma a ɓoye take. Macen tana saka ƙwai a danshin ƙasa kusa da gindin shuka, tsutsotsin su ƙyanƙyashe su kama cin saiwa. Shi ya sa tokar da manoma ke barbaɗawa da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, ganye kawai take karewa.