Daurawa: Unguwar da har yau ba ta yafe wa Rahul ba

IDAN ka taso daga cikin gari ka iso Dangi, inda a da ake da shataletale, yanzu kuma gada ce a sama da hanya a ƙasa tun zamanin Ganduje, sai ka bar titin Zariya da ya miƙe Gyaɗi-Gyaɗi da Asibitin Malam, ka ce wa mai Adaidaita Sahu ya bi da kai titin Maiduguri. Kafin ka gama gyara zama ka iso Daurawa, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Tarauni. Bakin titi shaguna ne da masu faci da ƙarar manyan motoci masu nufar Hotoro. Sai ka kutsa lungu sannan za ka ga unguwar sosai: 'yan Islamiyya da hijabai iri ɗaya, mai ƙosai tana haɗa wuta, teburin mai shayi, da bencin majalisa da ya sha zama har ya yi santsi.

Babu wani abin tarihi da baƙo zai ɗauki hoto a nan. To amma duk mai son fim da ya zauna a majalisar 'yan shekara 40 na unguwar, ya ambaci sunan fim ɗaya tak, ya sami hirar da za ta kai shi bayan isha'i. Fim ɗin shi ne Kuch Kuch Hota Hai, wanda bakin Kano ya mayar "Kuci-Kuci".

An sake shi a Indiya ran 16 ga Oktoba, 1998. Shi ne fim na farko da Karan Johar ya ba da umarni, yana ɗan shekara 26, mahaifinsa Yash Johar kuma shi ne furodusa. Shah Rukh Khan ya fito a Rahul, Kajol a Anjali, Rani Mukerji a Tina, sai Salman Khan da ya shigo bayan an raba fim biyu a matsayin Aman. Ga wanda bai gani ba (in akwai shi), labarin a taƙaice: Rahul da Anjali abokai ne a kwaleji, kullum suna faɗa a filin ƙwallon kwando. Tina, 'yar shugaban makarantar, ta dawo daga Ingila, Rahul ya faɗa sonta. Sai a lokacin Anjali ta gane ashe ita ma sonsa take yi. Ta haɗiye abinta, ta hau jirgin ƙasa ta tafi. Tina ta auri Rahul, ta rasu bayan haihuwa, ta bar wa jaririyar wasiƙu takwas, kowace shekara a ba ta ɗaya. Ta takwas ɗin ce ta ɗora wa yarinyar aikin nemo Anjali ta haɗa ta da babanta.

A shekarun da fim ɗin ya shigo Kano, samarin wannan yanki Marhaba suke zuwa kallo, sinimar da ke Farm Centre, wadda daga Daurawa ko a ƙafa mutum zai je. Amma sinima wurin maza ce. Budurwar da aka gani a ƙofarta, ta gama samun suna a unguwa. Saboda haka Kuci-Kuci ta shagon hayar kaset ya ci Daurawa. A aiki ƙane ya karɓo, a taru a ɗakin amaryar da aka yi wa jere da bidiyo, a baza tabarma, a yi ta addu'ar kar NEPA ta ɗauke. Fim ne na awa uku, don haka gidaje da yawa sai a kwana biyu suka gama shi, mai shago kuma ya ƙara kuɗin kwana. Ko da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar finafinan Hausa a ƙarshen shekarar, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kaset ɗin Indiya bai fasa zagaya ɗakuna ba.

Kuma fa babu fassara. Kowane ɗaki da nasa tafintan, yawanci wata yaya da ta kalla sau biyar, ko wani ɗan sakandare da ke bin rubutun Turancin ƙasan allo da gudu yana tsallake rabi. Ko a jikin 'yan kallo. Mutanen da suka tashi da finafinan Indiya a NTA da CTV tun suna goye ba sa buƙatar a gaya masu abin da hawaye ke nufi.

Samari da farko raina shi suka yi. Lokacin Sunny Deol ne da Akshay Kumar da Sunil Shetty, lokacin da ake auna fim da yawan mutanen da jarumi ya karya. Nan kuwa babu bos, babu ramuwar gayya, babu ko mari na kirki. Jarumin ma da sarƙa a wuya da riga mai ɗame jiki, yana raba wa 'yan mata zaren abota. Hukuncin majalisa ya fito nan take: fim ɗin mata ne. Sai dai waɗannan masu hukuncin su ne za ka gani a bakin ƙofar ɗakin, wai sun zo karɓar ashana, har a kai wurin da jirgi ke tashi da Anjali. Nan sai ka ga ƙato ya juya yana gyaran murya, wai hayaƙin maganin sauro ne ya shigar masa ido.

Inda gardama ta fara shi ne ajin Malama Braganza, lokacin da ta tambayi ɗalibai mece ce soyayya, Rahul ya amsa cewa soyayya abota ce, macen da ba za ta zama babbar abokiyarsa ba, ba zai iya sonta ba. A Indiya wannan magana ce ta sayar da fim ɗin. A Daurawa kuwa tafinta ma sai da ya tsaya, don Hausa ba ta tanadi kalmar ba. Namiji aboki gare shi, mace ƙawa gare ta. In ka ce "abokiyarsa" sai a ɗaga gira, in ka ƙara "abokiyar zama" kuma ka koma maganar kishiya. Tsakanin saurayi da budurwar da ba muharramarsa ba, unguwa hanya biyu ta sani: ko dai yana zuwa zance, ko kuma "Yaya" ne, ita "ƙanwa". Kowa kuma ya san sau nawa wannan yaya da ƙanwar ke ƙarewa da kai kuɗin gaisuwa. Shi ya sa tun a minti goma na farko, kafin ita kanta Anjali ta gane, tsofaffin ɗakin sun riga sun yanke: yarinyar nan sonsa take. Abin da darakta ya ɓoye don ya ba da mamaki, a nan ba wanda ya yi mamakinsa. Mamakin da aka yi na wautar Rahul ne.

Maza kuma suna da maganin matsalar tun kafin a canza kaset. "To ya haɗa su duka mana! Me ya yi zafi?" Wannan magana kusan duk ɗakin da aka kalli fim ɗin an yi ta, kuma duk inda aka yi ta sai an sami harara daga ɓangaren mata. Wurin da Rahul ke gaya wa mahaifiyarsa cewa mutum sau ɗaya yake rayuwa, sau ɗaya yake mutuwa, aure ma sau ɗaya, an shirya shi ne don ya sa kuka. A majalisar Daurawa dariya yake sawa, musamman in akwai mai mata biyu a bencin. Daga baya kuma shi mai maganar ya sake auren, abin da ya sa har yau in an ambaci Rahul sai wani ya ce ai ba shi da magana ɗaya.

A ɗakin mata kallon daban ne, kuma a nan fim ɗin ya yi nauyi. Abin da suka gani a Anjali shi ne zurfin ciki. Yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya, wadda ba za ta buɗe baki ta ce wa namiji tana sonsa ba, tana kallo ƙawarta ta ɗauke shi, har ma a aike ta da saƙo. Wannan ba sai an je Indiya ba. Sannan ga mutuwar Tina. Rasuwa wurin haihuwa ba labarin fim ba ne a Kano. Da wuya ka sami lungun da babu yaron da kakarsa ke riƙo saboda haka. Tsoron kowace uwa shi ne hannun da ɗanta zai faɗa in ta kau. Sai ga mace tana kan gadon mutuwa ta zauna ta zaɓa wa 'yarta matar uba da kanta, ta zaɓi wadda ta san ta shiga tsakaninta da masoyinta, har ta sa a raɗa wa jaririyar sunanta. Wasu suka ce Tina ta biya bashi ne. Wasu suka ce a'a, dabara ce irin ta uwa, ta san babu mai riƙe mata 'ya da amana sai wadda ke son uban tsakani da Allah. Indiyawa sun tallata fim ɗin barkwanci da soyayyar 'yan kwaleji, matan Daurawa kuwa fim ɗin wasiyya da maraici suka kalla, kuma in za a faɗi gaskiya karatunsu ya fi na masu tallar zurfi.

Akwai abin da bai yi wa 'yan mata daɗi ba. Duk shekarun da Anjali ke da guntun gashi da kayan wasanni tana cin Rahul a ƙwallo, bai taɓa kallonta a mace ba. Sai da ta tara gashi, ta ɗaura sari, ta koyi sunkuyar da kai, har ya ci ta a ƙwallon, sannan idonsa ya buɗe. Iyaye mata sun ji daɗin wannan, sun sami abin yi wa masu rawar kai misali. 'Yan matan kuwa cewa suke, ashe ba abotar yake so ba, kwalliyar ce. Abin sha'awa, a 2019 a wani bikin finafinai a Melbourne ta Ostireliya, Karan Johar da bakinsa ya ba da labarin yadda fitacciyar jaruma Shabana Azmi ta kira shi a waya bayan ta kalli fim ɗin ta yi masa faɗa a kan daidai wannan batu, ya kuma amsa laifinsa. 'Yan matan Daurawa ba su da lambarsa ne kawai.

Sai Aman. In dai ana neman wanda unguwar nan ta tsaya wa, to Salman Khan ne. Bawan Allah ya bi ta ƙofa, ya nemi aure, an yi baiko, an sa rana. Bai zagi kowa ba, bai cuci kowa ba. Ranar ɗaurin aure, gida cike da baƙi, ya lura amarya kuka take, ya kamo hannunta ya miƙa wa wani. A nan ne ustazan majalisa ke gyara zama, su tuna wa jama'a cewa addini ya hana neman aure a kan neman wani, don haka duk rawar da Rahul ya yi da ita cikin ruwan sama a sansanin yara na Shimla, da matar wani ya yi. 'Yan kasuwar bencin kuma lissafi suke: to lefen fa? Abincin da aka dafa fa? Wa zai fuskanci dangin da suka taso daga nesa? Wasu na ganin Aman ya yi halin maza, don auren wadda zuciyarta ke wani gida wahala ce ka saya da kuɗinka. Wasu na ganin sakarci ne. Abin da ba a gardama a kai shi ne duk saurayin da aka taɓa fasa aurensa bayan an sa rana, kuma akwai su a kowace unguwa, ba ya son a kai wannan wurin yana ɗakin. Salman ya sami kyautar Filmfare ta mataimakin jarumi da wannan fitowa, ɗaya daga cikin takwas da fim ɗin ya kwashe.

Wuri ɗaya ne ɗaki kan yi tsit gaba ɗaya: inda ƙaramar Anjali, a gidan Rifat Bi, ta yafa mayafi ta ɗaga hannu irin na Musulmi tana roƙon kar a ɗaura auren nan, sai ga labari an ɗaga biki. Tsofaffin da ke ta tsaki tun farko saboda guntun siket ɗin Tina, a nan suke sassautowa, a ji wata ta ce, "Allah sarki, addu'ar maraya."

'Yan fim ɗin Hausa ma a irin waɗannan ɗakuna suka tashi. Shekarun da suka biyo baya ne aka yi ta rigimar wankiya a shafukan mujallu, aka yi Khusufi na Ali Nuhu da aka ɗauko daga Taal, soyayyar mutum uku da waƙa a cikin furanni suka zama ruwan dare a kasuwar Ƙofar Wambai. Sai dai marubucin Hausa yana da ƙofar da Karan Johar ba shi da ita. In labari ya cije, yana iya ɗaura aure biyu, rigimar ta koma tsakar gida. Ba sai ya kashe Tina ba.

Yanzu shagunan hayar kaset sun zama tarihi. Farm Centre da ake zuwa don Marhaba, yau kasuwar waya ce ta fi shahara da ita, finafinai kuma masu turi ne ke zuba wa mutum a waya, akasari fassarar Hausa irin ta su Algaita, ta jaruman kudancin Indiya masu dukan mutum ya tashi sama. Amma tambayar da Malama Braganza ta yi ba ta bar Daurawa ba, sabon suna kawai ta samu. Kalmar da Hausa ta ƙi bayarwa, yaran yanzu sun aro ta: "besti". Budurwa na da saurayi, tana kuma da besti namiji da take gaya wa sirrinta. Saurayi na da wadda zai aura, ga kuma besti da suke hira a WhatsApp har tsakar dare. Malamai na wa'azi a kai, ana rabuwa a kai, ana kuma yin aure ta dalilinsa.

Da daddare a teburin mai shayi, in wani ɗan shekara 20 ya rantse cewa shi da bestinsa babu komai wallahi, mutunci ne kawai, yayyensa da suka kalli Kuci-Kuci a kaset ba sa ja da shi. Sai dai wani ya kurɓi shayinsa, ya tambaye shi ko an sa mata rana. In ya ce an sa, sai a tambayi sunan angon, a ce Allah Ya ba shi haƙuri irin na Aman.