Daga Gadar Zango Junction Zuwa Ƙofar Pantang

Tafiyata ta wannan watan ba mai nisa ba ce, domin ko Akra ban bari ba. Amma da magabata suka ce tafiya mabuɗin ilmi, ba su ce sai mai nisa ba.

Wata tsohuwar ɗalibata ce, wadda ta gama karatun kwamfuta a Jami'ar Legon, ta zo gida ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, ni da abokan karatuna biyu muna so mu ƙirƙiro manhajar waya domin matasan Zango masu fama da damuwa. Mun zana ta a takarda, ina so ka duba mana." Ban yi mamaki ba, gama an fi shekara 10 da Regina Honu ta fara koya wa 'yan matan Nima aikin kwamfuta. Na ce mata, "'Yata, ni alli na sani. Ajiye takardar, ranar Asabar mu zaga Madina da ƙafa, sa'an nan mu duba."

Akwai dalilin da ya sa na amsa. A 2018, lokacin da ƙwayar tiramol ta addabi unguwanninmu, ina da wani yaro gwanin lissafi a aji uku na ƙaramar sakandare. Da jarrabawar BECE ta gabato sai ya yi shiru, yana gyangyaɗi a aji. Na kira shi malalaci a gaban 'yan'uwansa. Daga baya na ji ashe gidansu ne ya watse, ya yi watanni ba ya barci, har ya fara shan ƙwaya. Bai zauna jarrabawar ba. Wannan kalma da na faɗa har yau tana cina.

Ranar Asabar da hantsi muka haɗu a kan gadar masu ƙafa ta Zango Junction. Daga sama kana ganin garin da Alhaji Saidu Kardo da jama'arsa suka kafa a 1959 ya cika ya batse: rumfunan kasuwa, hasumiyoyin masallatai, da motocin torotoro suna ta kiran Adenta da Aburi. Kun tuna sai da aka yi ta asarar rayuka a wannan titi, har mutanen Adenta suka tare hanya a watan Nuwamba 2018, kafin a kammala gadojin. Duk da haka na nuna mata mutane a ƙasa suna ratsa titi a guje, don suna ganin hawa gadar ya yi musu tsawo. Na tambaye ta tambayoyi nawa yaro zai amsa kafin manhajarta ta saurare shi. Ta ce goma sha biyu, har da suna da adireshi. Ta dubi gadar, ta ciro biro ta soke su.

Muka gangara cikin kasuwa, muna kauce wa 'yan mata masu dako da manyan kwanoni a ka. Muka tsaya wurin mai gyaran waya, wanda ya ce mana yawancin yaran da ke zuwa gunsa ko dai ƙaramar waya mai maɓalli suke riƙe da ita, wadda ake kira yam, ko kuwa wayar uwa ce ko ta yaya suke ara da dare. Wannan magana ta girgiza ɗalibata, domin ta tsara manhajar kamar kowane yaro yana da tasa wayar da kuɗin data. Yarinyar da ta faɗi sirrinta a wayar da za ta mayar wa uwarta da asuba, ina sirri? Nan ta rubuta abu biyu: kada manhajar ta bar wata alama a wayar, kuma a samu hanyar shiga da latsa lambobi, yadda kowa ya saba tura kuɗi ta MoMo.

Daga nan muka nufi Libya Quarters, wurin wata majalisar samari, irin wadda suke kira bes. Aka ba mu benci, aka zuba mana ataya. Da ta karanta musu tambayoyinta da Turanci, ba wanda ya tanka. Sai na juya maganar, na ce wa ya taɓa kwana idonsa biyu saboda tunani? Nan fa baki ya buɗe. Wani ya ce tunani ya yi masa yawa tun da sakamakon WASSCE ya fito. Wani ya ce zuciyarsa ba daɗi, don abokansa duk sun bi ta sahara, shi kaɗai ya rage. Ba wanda ya ce ba shi da lafiya. Kuma kun sani Hausarmu ta Zango a baki take, da yawa daga yaranmu ba su iya karanta ta a boko ba. Saboda haka muka yarda manhajar ta yi magana da murya, da Hausa da Tuwi da Buroka, da kalmomin da yaran da kansu suke faɗi.

Bayan azahar muka hau torotoro, muka wuce Adenta, muka sauka a mahaɗar Pantang. Asibitin nan da aka buɗe a 1975 shi ne na uku a ƙasar nan, bayan na Akra na 1906 da na Ankaful na 1965. Wuri ne mai fili da itatuwa, shiru kamar makaranta a lokacin hutu. Daga Madina ba nisa, amma a zuciyarmu ya fi Makka nisa, domin mun mai da sunansa zagi. Yaro ya gwammace ya ƙunshi ciwonsa da a ce masa ɗan Pantang. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. A ajina mai yara 42, shida ke nan.

Doka dai ta yi gaba. A 2012 aka kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846, a 2023 kuma majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuffuka, don wanda ya kai wannan hali magani yake bukata, ba kotu ba. Haka nan akwai ma'aikatan jinya na wannan fanni a asibitocin gundumomi da yawa, ba sai an je Pantang ba. Mu ne muka rage a baya.

A hanyar komowa ta ce, "Malam, ashe manhajar ba ita ce maganin ba." Na ce gada ce, dole ta sauke yaro a gaban mutum. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a benci suna sauraron masu damuwa, aka ga amfaninsa. Mu ma muna da benci, muna da kakanni, da malaman makarantar allo waɗanda iyaye ke fara zuwa wurinsu. Kada manhajar ta raina addu'a, ta dai ce a haɗa da ganin ma'aikacin lafiya, kuma duk yaron da ya ambaci cutar da kansa a sada shi da mutum nan take.

Aikinsu yana kan takarda tukuna, Allah kaɗai ya san ranar gamawa. Kafin nan, iyaye da malamai 'yan'uwana, in yaro mai surutu ya yi shiru, a zaunar da shi a tambaye shi kafin a kira shi malalaci. Ni na makara da nawa. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.