ARAHA BA TA ADO

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana mutanen Kabi magana bisa wata cuta da ta shigo mana a ɓoye. Cutar nan ba ta kwantad da mutum, amma tana share rumbu sarai. Ita ce sayen abin da ba a bukata, don kawai an ji mai talla ya ce an yi ragi.

Ni mutumin Birnin Kebbi ne, ina kuwa da dangi a ƙasar Argungu, kuma shekaruna sun isa in gwada jiya da yau. Da, manomin fadamar Rima ya kan noma abin da gidansa zai ci, in an sami saura a kai kasuwa kwano-kwano. Amma tun watan Nuwamba na 2015, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin nan na Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance, noman rani ya bunƙasa ƙwarai. A 2017 aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana nan Birnin Kebbi. Mutumin da bai taɓa riƙe kuɗi a dunƙule ba, sai ga shi ya sayad da buhu 20 rana ɗaya. Wannan alheri ne, mun gode Allah. To, amma inda kuɗi suka taru, can masu talla su ke taruwa, ƙuda kuwa wajen kwaɗayi a kan mutu.

Har ma an kawo mana wata al'ada daga Amurka. Can, Juma'ar da ke bin idinsu na godiya, wajen ƙarshen watan Nuwamba, kantuna su kan karya farashi, mutane su yi ta turereniya a bakin ƙofa tun asuba. Suna kiranta Baƙar Juma'a, ko da ya ke a ƙasashen Larabawa waɗansu sun mai da ita Farar Juma'a sabo da darajar ranar. Kantunan intanet na Ikko suka ɗauko ta, yanzu tana iske yaranmu har cikin ɗaki ta wayar hannu. Ku dubi lokacin da ta ke faɗowa, jama'a. Daidai kaka ne, ran da aljihun manomi ya ke da nauyi.

Ni dai abin da na ke so kowa ya tambayi kansa shi ne, me ya sa ɗan kasuwa zai rage kuɗin kayansa? Ba ubanka ba ne, ba kuma zakka ya ke fitarwa ba. Mu mutanen bakin gulbi bai kamata a koya mana wannan ba. Mai kifi a Argungu, da safe in ka taya masa ya kan ce albarka ya kau da kai. Da la'asar shi ne zai kira ka, ya rage maka, har ya yi maka gyara. Ba sonka ne ya ƙaru ba, kifin ne ya kusa juyawa. Haka albasar Aliero. Ran da ta cika kasuwa buhu ya kan faɗi warwas, wanda ba shi da wurin ajiya ya saya don araha, kafin wata biyu rabi ya ruɓe, sai a kwashe a zubar a juji. Kowane ragi da dalilinsa. Wani kayan sun daɗe a kanti ba mai so. Wani kuwa kwanan da aka rubuta a jikin gwangwani ko kwalbar maganin feshi ya kusa cika. Wani ma ba ragin aka yi ba, sai da aka ɗora kuɗin sama tukuna, sa'an nan aka sauko da su inda su ke tun farko, aka buga ganga.

Akwai kuma wani tarko wanda mu muka haƙa wa kanmu, watau tayin wasa. Mutum na wucewa cikin kasuwa, ba shi da niyyar sayen kome, sai ya ga bargo ko agogo. Ya tambaya, a ce masa naira 20,000. Don ya nuna shi ma ya iya ciniki sai ya ce, a bar masa dubu 9. Mai kaya ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Kawo kuɗi, na sallama." Shi ke nan, kunya ta kama shi a gaban mutane, ba dama ya ce da wasa ya ke. Ya biya, ya koma gida yana gaya wa matarsa ya ci ribar dubu 11. Ina ribar ta ke? Da safe yana da dubu 9, da yamma ba shi da su, yana kuma da barguna uku a gida. Wanda bai taya ba shi ne ya ci riba, don kuɗinsa na nan cif.

Bari in ba ku labarin wani ɗan'uwana, ba zan faɗi sunansa ko ƙauyensu ba, don ba tonon asiri na zo yi ba. Wata kaka ya shigo birni, ya tarad da an karya kuɗin firji a wani kanti. Ya koma ya fid da buhu huɗu na shinkafa, ya sayar a lokacin da kowa ke sayarwa, watau lokacin da ta fi arha. Aka ɗoro firji a mota har ƙofar gida, yara na ta murna, maƙwabta na sa albarka. Ƙauyen nan kuwa ko turken lantarki babu. Yau uwargidansa tana ajiye kwanoni a ciki. Da lokacin aikin rani ya zo, babu kuɗin taki, babu na man injin ban-ruwa. Ya tafi wurin wani mai sayen shinkafa ya ci bashi, bisa sharaɗin zai biya da buhuna in an yi girbi, a kan kuɗin da mai bashin ya yanka. Ku ƙidaya hasararsa. Ya sayar da arha, ya sayi abin da ba ya amfaninsa, ya kuma jinginad da amfanin gonar da bai ko shuka ba. Kallon kitse ya yi wa rogo.

Ba maza kaɗai ba. Iyayenmu mata ma, in sun kwashi adashi, su kan zuba shi a turamen atamfa da kwanoni don an ce yau da sauƙi, alhali yarinyar da a ke tara wa ko makaranta ba ta gama ba. Na san za su ce ai ajiya ce, ranar wuya a sayar. Gaskiya ne, amma ranar wuya dillaliya ta san kina cikin wuya, ba kuwa za ta ba ki abin da kika biya ba. Yayin ma ya wuce.

Ranar wuya kuwa ba ta aiko da manzo. Wa ya manta da ambaliyar daminar 2020, da ruwa ya shafe gonakin shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi da sauran garuruwan bakin gulbi? Wa ya manta da watan Mayu na 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da biyu cikin 'yan kwanaki, manomin rani ya rasa yadda zai ta da injinsa? Bayan wata biyu kuma aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, ciniki ya tsaya a Kamba har watan Maris na 2024. Cikin waɗannan shekaru duka, wanda ya tsira da mutuncinsa shi ne mai ɗan abu a rumbu. Ban ji wanda ya dafa agogo ya ba 'ya'yansa ba.

Kada wani ya ce na hana neman sauƙi. Ko kusa. Araha iri biyu ce. Akwai wadda kai ka fita nema, akwai wadda ta fito nemanka. Ta fari ita ce ta kakanninmu: a sayi gero da dawa da kaka a zuba a rumbu, a tanadi taki tun ba a fara rububinsa ba, a sayi ɗan rago watanni kafin Layya a yi kiwonsa a gida. Waɗannan abubuwa ne da lalle za ka saya ko da tsada, don haka kowane kwabo da aka rage maka naka ne. Ta biyu kuwa ita ce wadda ba ka san kana son abin ba sai da ka ji kuɗinsa. Malamanmu suna da sunan wannan, almubazzaranci, ba su kuwa ce ya halatta don an yi ragi ba.

Ga shawarata, ba ta kuwa bukatar ilmin boko. In abu ya ba ka sha'awa, kada ka ƙidaya kuɗinsa da naira, ƙidaya shi da kwanon shinkafa. Ka ce, wannan kwano nawa ne, kwana nawa kuma gidana zai ci da su? Sa'an nan ka tambayi kanka, da ba a rage ba, da zan saya? In amsa a'a ce, wuce abinka. In zuciya ta ƙi, bar shi ya kwana. Abin da ka ke bukata da gaske za ka tashi da shi a rai, wanda ba ka bukata kuwa kafin gari ya waye ka manta. Kuma kada ka taya abin da ba ka shirya ɗauka ba.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu sarakuna, na Gwandu da na Argungu, da hakimai da dagatai, da limamai, da malaman gona, su riƙa tuna wa talakawa tun kafin a fara yankan shinkafa cewa kuɗin kaka na shekara ne, ba na mako guda ba. An koya mana yadda za mu ninka amfanin gona, saura a koya mana yadda za mu riƙe shi har wata kakar. In kuwa akwai mai karatu da ya ga na yi kuskure, ya rubuto, ina saurare.

Edita, Allah ya ƙara maka basira, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ikon riƙe abin da muka samu. Amin. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatun jaridarka,
Birnin Kebbi.