Rabenna, garin da teku ya janye ya bari

Rabenna gari ne a arewa maso gabashin Italiya, tafiyar awa ɗaya da ƴan mintoci daga Bolonya a jirgin ƙasa. A da tashar jiragen ruwa ce babba. Sarkin Rum Ogustus ya girke jiragensa na yaƙi a gefen garin, a wurin da ake kira Kilase, kuma a shekara ta 402 aka maido fadar daular Rum ta Yamma nan. Yau wanda ya je Kilase neman teku gonaki zai tarar. Laka da yashin da koguna suka yi ta kawowa sun cike tashar, bakin teku ya koma nesa da kilomitoci, sai wata hanyar ruwa da aka gina ce ke haɗa garin da shi.

Na kwana uku a can lokacin babban hutun lakwal, kuma abin da ya kai ni shi ne mozayik, wato zanen da ake haɗawa da ƙananan guntayen gilashi da duwatsu masu launi, ana dasa su ɗaya bayan ɗaya cikin danyen farar ƙasa. Gine-gine 8 na garin suna cikin jerin kayan tarihi na UNESCO tun 1996. Daga waje yawancinsu jan bulo ne kawai, ba abin da zai tsayar da mai wucewa. Sai an shiga.

A majami'ar San Bitale, wadda aka buɗe a 547, na ga sarki Yustiniyan na Kustantiniya da matarsa Tewodora a bango, kowa da fadawansa. Shi kansa bai taɓa taka ƙasar Rabenna ba, hotonsa ne ya zo ya wakilce shi. Da na matsa kusa sai fuskar ta watse, ta zama guntaye marasa daidaito, wasu ba su kai farce ba. Masu aikin sun ɗan karkata kowane guntu da gangan don haske ya riƙa wasa a kai. Na zinariyar kuwa, siririn ganyen zinariya ne aka rufe tsakanin gilashi biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana majami'ar Sant'Apollinare Nuwobo, wadda sarki Tewodorik ya gina. Akwai hoton fadarsa a bango. Bayan da dakarun Kustantiniya suka ci garin a 540, an cire mutanen da ke tsaye a ƙofofin fadar, aka sa labule a wurinsu. Amma har yau ga hannuwansu nan a jikin ginshiƙai. Malamin tarihi ba ya bukatar darasin da ya fi wannan: mai mulki yana goge na gabansa, amma da wuya ya goge duka.

Abincinsu ma aikin hannu ne. Fiyadina gurasa ce marar kauri da ake gasawa a kan faifan ƙarfe, ana sayar da ita a ƙananan rumfuna bakin titi, a naɗe ta da cuku mai laushi da ganye. Musulmi ya yi hattara: a al'adance da kitsen alade ake kwaɓa ta, don haka a nemi ta man zaitun, ana samu. Na ci kuma kafeleti, ƴan ƙullin taliya da ake cusa wa cuku a dafa cikin romo, kowane ɗaya da yatsa ake naɗe shi. Na ga wata dattijuwa tana murza kwaɓin, yarinya na gefenta tana naɗewa, nata na fitowa a karkace, ba wanda ya karɓe mata.

A wani shagon masu mozayik na tarar da matasa suna fasa gilashi da ƴar guduma a kan tsinin ƙarfe da aka kafa a gungumen icce. Garin yana da makarantun gwamnati da ake koyar da wannan sana'a, a ba da takardar shaida. Shi ya sa idan bango ya fara zubewa akwai mai gyara shi, kuma baƙin da ke zuwa kallo su ne kasuwar masu masauki da masu abinci.

Nan ne tunanina ya dawo gida. Zanen da ke fuskar tsofaffin gidajen Birni a Damagaram magina ne suka yi shi da hannu, kuma tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013. Amma mu iyaye, da wa muke haɗa ɗanmu da magini? Sai wanda muke ganin karatu ya gagare shi. Mu malamai kuma, awar aikin hannu ce ta farko da muke yankewa idan jarrabawa ta matso. Bangon ƙasa bai da haƙurin gilashi, damina kaɗan ta isa ta cinye shi. Kafin maginin ƙarshe na unguwa ya ajiye aiki, mu gayyato shi lakwal ko da sau ɗaya a wata, mu bar yara su ɓata hannunsu da laka.