Gran-Popo: inda kunkuru ke zuwa haihuwa

Ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram sun daɗe da sanin teku, amma yawancinsu a tashar jiragen ruwan Kwatano ko ta Lome suka san shi, tsakanin takardun duwan da jiran fitar kaya. Alhali kuwa a kan hanyar da ta haɗa biranen nan biyu akwai wani ɗan gari da ya isa a yada zango, wato Gran-Popo, cikin jahar Mono ta ƙasar Benin. Yana kimanin kilomita 80 yamma da Kwatano, kusa da iyakar Togo.

Garin a shimfiɗe yake kan siririn rairayi, teku a kudu, ruwan kogi a arewa, itatuwan kwakwa sun yi masa inuwa. A da babbar tashar ciniki ce, sai dai Kwatano ta ƙwace kasuwar, teku kuma ya ci wani yanki na tsohon garin. Yadda rairayi ke binne gonaki a arewacinmu, haka ruwa ke haɗiye gidaje a can.

Baƙo ya fara da hawa kwalekwale da sassafe, ya bi kogin Mono har mahaɗarsa da teku, inda ake kira Bush-di-Ruwa. Sunan ya samo asali daga harshen mutanen Fotigal, ma'anarsa bakin kogi. Gefe da gefe akwai kurmin itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. A ƙarƙashinsu kifi ke hayayyafa, ƙaguwa na kai da kawowa, balbela da zalɓe suna kiwo. A 2017 hukumar UNESCO ta sa yankin, ɓangaren Benin da na Togo, cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu.

Babban abin kallo shi ne kunkurun teku. A watannin ƙarshen shekara macen kan fito da dare, ta haƙa rami a rairayi, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe, ta koma ruwa. Bayan kamar wata 2 ƴaƴan su ƙyanƙyashe su nufi teku, amma kaɗan ne ke kai girma. Da can mutane kan kwashe ƙwan su yanka uwar. Yanzu ƙungiyar Nature Tropicale da masu gadi na ƙauyuka suna tattara ƙwan a killataccen wuri, su saki ƴaƴan in sun fito.

A nan ne baƙo ke da hannu. Wanda ya sayi ƙwai ko ƙoƙon bayan kunkuru don tsaraba ya biya kuɗin kisan na gaba. Wanda ya biya mai kwalekwale da ɗan jagora ya nuna wa mutanen gari cewa dabbar ta fi daraja da ranta. A kuma guji haska mata fitila, don haske na korar ta kafin ta yi ƙwai.

Gargaɗi na ƙarshe: igiyar ruwan gaɓar nan mai ja ce ƙwarai. Wanda ya koyi iyo a tabkin Madarunfa ya tsaya bakin gaɓa, ya yi kallo.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.