Takobi Ba Ya Rabuwa

Mu mutanen arewacin Kano, tun daga Dawakin Tofa har Bichi, daga Makoɗa har Dambatta da Kunci, ƙasa ta yi mana kaɗan. Gona na jingine da gona, babu saura babu daji, wanda ya tsaya a gindin rumbunsa yana hango na maƙwabcinsa. Wannan matsi ne ya sa muka ƙware wajen rabon gado. Ana auna gona da igiya, a ƙidaya dammunan gero, a san wanda ɗorawa ta faɗo a kasonsa. Amma akwai abu guda da kan tsayar da masu rabo, wato tsohon takobin da akan ciro daga ƙasan adaka ko a sauko da shi daga jikin azara. Takobi ba ya rabuwa. Dole a yi masa kuɗi, mu kuwa ba mu da mai yi masa kuɗi. Ƙarshenta sai a jira dillalin birni ya faɗi abin da ya ga dama, ko kuma mai sayen tsohon ƙarfe ya ɗora shi a sikeli tare da fasasshiyar tukunya.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne ɗan abin da muka karanta game da mutanen Japan, waɗanda suka mayar da sanin tsohon takobi fanni guda na ilimi. Maƙeransu na dauri kan narka baƙin yashi mai tama da gawayi, su buge ƙarfen su ninke, su sake bugewa su ninke, fiye da sau goma. Kafin a tsoma shi a ruwa sai a shafe shi da yumɓu, mai kauri a gadon baya, siriri a bakin kaifi. Wannan ke barin wani zane kamar gajimare a gefen kaifin, kuma kowane gidan maƙera da irin nasa. Masani kan dubi wannan zane, da lanƙwasar takobin, da saƙar jikin ƙarfen, ya faɗi zamanin da aka ƙera shi da lardin da ya fito. Maƙeri kan sassaƙa sunansa a wutsiyar ƙarfen da ke shigewa cikin ƙota, amma da yake sunayen jabu sun yi yawa, almajirin wannan sana'a sai ya faɗi hukuncinsa tukuna kafin a zare ƙota a nuna masa suna. Wani abin mamaki kuma, tsatsar da ke jikin wannan wutsiya ba a taɓa ta ko kusa, domin duhunta shi ne shaidar shekaru. Wanda ya goge ta ya zubar da darajar kayansa da hannunsa.

Kada mai karatu ya zaci su ba su yi asara ba. A 1876 hukuma ta hana jarumawansu yawo da takobi. A 1945, bayan sun sha kashi a yaƙin duniya na biyu, sojojin mamaya suka sa aka tattara takubba, aka lalata wasu, aka kwashi wasu zuwa Amurka. A ƙarshen wannan shekara aka miƙa wa wani ofishin 'yan sanda a Tokyo shahararren takobin nan Honjo Masamune, tun daga nan kuwa ya yi ɓatan dabo. Ganin haka ne a 1948 masana suka kafa ƙungiyar adana takubba, wadda ke duba takobi ta ba shi takardar shaida. Wato dai sai da ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada sannan suka tashi, amma sun tashi.

To, mu fa? Ko shakka babu Kano ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Maƙera ne suka fara zama a gindin Dala saboda tama. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma kiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ke shigowa birnin kowace shekara, kowane ɗaya a kan wuri 1,000. Ya ce kusan duk waɗanda ya gani ƙirar Solingen ne ta ƙasar Jamus. Tsirara suke ratso hamada a kan raƙuma, a Kano ake sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, a ɗaura hamila, sannan su bazu zuwa Azbin da Barno da Nufe. Ashe ke nan takobin da ke rataye a ɗakin kakanmu yana iya zama aikin hannun mutum uku ko huɗu waɗanda ba su taɓa jin harshen juna ba. Kuma ba don ado kawai aka saye shi ba. Ƙasarmu ita ce ƙofar da mayaƙan Damagaram da na Maraɗi ke bi in sun nufo Kano, ga kuma basasar Yusufawa da Tukurawa daga 1893 zuwa 1895, kafin Turawa su ci birnin a 1903.

Iyayenmu ma suna da nasu karatun takobin. Sun san dunhu, wanda ba shi da zane ko ɗaya. Sun san tamogashi mai layi uku a tsawon ruwansa, da bisalami mai lanƙwasa, da fatefate mai faɗi. Suna duba tambarin da ke kusa da ƙota, ko jinjirin wata biyu, ko zaki, ko wata dabba mai gudu kamar kare. Sun kuma san tambari kaɗai ba hujja ba ne, don maƙeranmu sun iya buga irinsa a kan ƙirar gida saboda ta yi kasuwa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya wadata, daga baya har da sifirin mota aka riƙa ƙera takubban hawa, masu ƙyalli a ido amma babu labari a bayansu.

Wata shekara, a darasin tarihi, mun sa ɗalibanmu su tambayo a gida ko akwai tsohon makami, su rubuto abin da manya suka ce game da shi. Wani yaro ya ce kakansa maƙeri ne, kuma ya ce shi ba ya aiken magana, mai so ya zo da kansa. Muka je da yamma bayan an tashi daga gona. Muka ce, "Baba, ta yaya ake gane na ƙwarai?" Ya ce, "Malam, ku na boko da ido kuke karatu, wannan kuwa da kunne ake fara shi." Ya zare takobin, ya ƙyasta shi da farce, ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba. Ya kafa tsinin a kan turmi ya danna, ƙarfen ya rusuna, ya sake shi ya miƙe sak. Sannan ya nuna mana wata 'yar giɓi a bakin kaifin, ya ce wani ɗansa ya so ya wasa ta, shi ya hana. "Wannan giɓin," in ji shi, "ita ce kaɗai ta halarci abin da ya faru." Mun dawo muna tunanin cewa wannan tsoho da masanin Tokyo, da za su haɗu, ba su bukatar tafinta.

Bambancinsu ɗaya ne. Na can an rubuta abin da ya sani, namu kuwa yana cikin kansa. Takubban sarauta ba su da wannan damuwa. Gajere na Korau yana fadar Katsina da labarinsa, na Bayajidda yana Daura, Gidan Makama kuma na ajiye da kayan yaƙin Kano. Takobin talaka ne maraya. Sallah na matsowa sai yaro ya ɗauko shi ya dirje da yashi da toka har tambarin ya shafe, a jefar da tsohon kube a sa na roba mai walƙiya. In yunwar bazara ta matsa, a sayar. Mai saye ya kai Kurmi, daga can ya haye teku, a liƙa masa takarda a ce takobin Buzaye ne, sunan garinmu da na mai shi sun faɗi a hanya. Akwai dokar 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta kuma hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, amma doka ba ta shiga ɗakin da ake rabon gado.

Ba ma ganin laifin wanda ya sayar don ya sayi taki ko ya biya kuɗin magani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Roƙonmu ƙarami ne. Kada a dirje tsohon takobi, ɗan mai a tsumma ya ishe shi. Kada a raba shi da kubensa komai tsufansa. Kafin ya bar gida a auna tsawonsa, a ɗora takarda a kan tambarin a goga fensir, a ɗauki hotonsa, a rubuta wanda ya riƙe shi, da wanda ya gada, da yaƙin da aka ce ya je. Wannan aiki ne da malamin makaranta da ɗalibansa za su iya da littafin rubutu guda. Marubutanmu kuma, masu neman labari a nesa, ga shi nan rataye a ɗakunan kakanninsu. Tsofaffin da suka iya karatun nan ba su da yawa, kuma kowace damina raguwa suke yi. In muka bari suka tafi da shi, jikokinmu za su gaji ƙarfe ne kawai, ƙarfe kuwa da sikeli ake yi masa kuɗi.